Wayar Farfesa

Zuwa ga Kawu,

Ina gaishe ka cikin ladabi, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen gida. Inna ta ce mini ciwon gwiwa ya matsa maka, Allah ya kawo sauƙi. Ni lafiya lau nake, ban da sauro da kewar gida.

Da wuya ka tuna ni. Ni ne autan 'yar kawunka. Sau ɗaya muka taɓa haɗuwa, ranar rasuwar kakata. Ka tambaye ni me nake so in zama, na ce soja, ka ce Allah ya shirye ni. To Kawu, ban ji ba. Yau shekarata bakwai a kaki, ni kofur ne, kuma makanikin janareta kamar yadda ka yi a zamaninka.

A sansaninmu babu sabis, shi ya sa na koma takarda. Direban tankar da ke kawo mana dizal ya ce duk bayan mako biyu ta bakin rumfarka yake wucewa, ya kuma yarda ya zama masinjanmu.

Ga abin da ya sa na dame ka. Kyaftin ɗinmu ya ɗora mini koyarwa, darasi shida, duk ranar Alhamis da safe, minti talatin-talatin. Sojoji arba'in ne, babu makanike ko ɗaya a cikinsu. Da an gama za a rarraba su ƙananan sansanoni goma sha ɗaya. Kowane sansani janareta ɗaya ne ke riƙe da rediyon sadarwa da famfon ruwa da firjin magani. Ni kaɗai ne makanike, ba zan iya zama ko'ina ba. Na buɗe littafin inji, shafi ɗari huɗu, na rasa ta ina zan kama. Me zan koya musu, me zan bari?

Sannan akwai abin da zai faranta maka rai. Dabararka tana nan da ranta. Guntuwar wayar nan da ake jonawa a tsallake sensa, wato na'urar da ke lura da baƙin mai, idan inji ya dinga kashe kansa, har gobe wayar Farfesa ake ce mata. Sajan ɗin da ya koya mini ya ce Farfesa wani gwani ne da aka yi a da, hassada ta sa aka raba shi da aiki. Da na ce kawuna ne, sai da ya miƙe ya sara mini. Ina so in ji labarinta daga bakinka.

Ɗanka,
Kofur

*

Kofur,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan inda na bar ta. Mutanen gida da kake gaisarwa kuwa, ni ne da rediyo. Gwaggonka ta rasu shekara shida ke nan. Idan labarin bai iso gidanku ba, ka ga irin zumuncin namu. Ban ce laifinka ba ne. Ka gai da mahaifiyarka.

Na tuna ka. Kai ne mai kunnuwan nan.

Minti talatin! Ni shekara uku na yi ina karatun inji, biyu a gida, ɗaya a ƙasar waje, na fito na ɗaya cikin mutum sittin. Takardar shaidar tana cikin akwati, gara ta ci gefenta. Yau aikina wanke fulogin ƙananan janareto ga masu aski da masu cajin batir, suna tsaye a kaina suna koya mini aikina. Jiya wani ya ce, "Baba, ka taɓa gyara irin wannan kuwa?" Na ce a'a, yau na fara ganin inji. Ya ɗauki kayansa ya tafi. Ya fi mini.

Tunda ka tambaya, ga abin da na sani. Kada ka koya musu gyara. Soja da sufana a hannu ya fi soja da bindiga ɓarna, domin ita bindiga an koya masa tsoronta. Aikinka ka sa su ji tsoron inji.

Ka fara da baƙin mai. A zaro geji, a goge, a mayar, a sake zarowa a duba, kafin a taɓa makunni. Kada ka tsaya zane a allo. Ka jera su kowa ya yi da hannunsa har sai sun ƙosa sun fara zaginka a zuci. Abin da ka faɗa da baki kawai, kafin su kai ɗakin cin abinci ya zube.

Sai hayaƙi. Ranar da aka fara ruwan sama za su tausaya wa inji su jawo shi bakin tanti. Ka gaya musu abin da ke kisa a cikin hayaƙin ba shi da wari, ba shi da launi. Mutum zai ji ciwon kai, sai kasala, sai ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Na taɓa fitar da mutum huɗu daga tanti ɗaya da rana tsaka, kartar da suke yi tana hannunsu. Taku ashirin daga inda mutane suke, salansa tana kallon daji.

Ƙarfen da ake kafawa a ƙasa a ɗaura masa waya, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa kada ta bi mutum, za su tumɓuke shi su yi turken shanya. Ba mugunta ba ce, ƙarfe ne mai kyau kawai. Ka kafa shi yadda sai an yi gumi kafin a ciro shi.

Ba a zuba dizal inji yana aiki, ba a kuma ajiye duro a gefensa. Wannan ka faɗa sau uku. Za su ji sau ɗaya, kuma ba za su yi ba, domin duro yana da nauyi.

Ka kuma koya musu muryar inji idan kaya sun yi masa yawa. Ka kunna shi, ka jona dutsen guga da hita, su ji yadda yake nishi. A kowane sansani akwai sajan mai son guga, shi ne babban makiyin firjin magani.

Darasi na shida ka rufe bakinka. Su su tashi ɗaya bayan ɗaya su koya maka, kai ka zauna ka ji abin da ya rage daga maganarka. Za ka sha mamaki.

Maganar waya kuwa, ba na son a riƙa tayar da ita. Abu ne da ya wuce, ba abin da zan zauna ina ba da labarinsa ba ne.

Kada ka sake rubuta mini "ɗanka" sai ranar da ka zo ka ga inda nake kwana.

Kawunka

*

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Wallahi ban ji rasuwar Gwaggo ba. Allah ya jiƙanta, ya ba ka haƙuri. Zan rubuta wa Inna, na san za ta ji kunya.

Takardarka ta fi mini littafin nan mai shafi ɗari huɗu. Mun yi darasi biyu. Na jera su a kan geji kamar yadda ka ce, har wani ya ce, "Kofur, in auren injin za ka ba mu ka faɗa, mun gama ganin juna." Da na ba su labarin mutum huɗun nan da karta, babu wanda ya sake dariya.

Akwai wani da muke kira Lauya, saboda ba a faɗin abu bai ce don me ba. A layin gaba yake zama da ɗan littafinsa. Na ce taku ashirin, ya ce, "Takun wa? Nawa ko na Sajan? Ai na Sajan ashirin bai kai goma ba." Sajan yana bayansa bai sani ba. Ya sha tsallen kwaɗo, ya dawo yana haki ya ce har yanzu ba a ba shi amsa ba. Shi nake so in bar wa injin sansanin da ya fi nisa, domin ya fi kowa kula.

Game da waya, na gane. Inna takan ce ba ka son yabo tun kana saurayi. Ba zan sake matsa maka ba. Amma Kawu, mutanen nan za su yi nisa da ni, wani wurin tafiyar yini guda ce. Idan inji ya mutu, rediyo ta mutu, ba su da hanyar kiran kowa. Shi ya sa na ɗan saɓa maka a darasi na shida. Maimakon maimaici, zan koya musu wayar Farfesa. Na rubuta wa Kyaftin "gyaran gaggawa" ya sa hannu. Saura mako huɗu. Zan gaya musu jinin mai dabarar ne a gabansu.

Na ji maganarka a kan sa hannu. In Allah ya yarda hutun farko a rumfarka zan sauka.

Kofur

*

Kofur,

Na ga takardarka, ina lafiya. Ka karanta wannan a zaune.

Kada ka koya musu wayar nan. Ba ƙin yabo ne ya hana ni magana ba, mahaifiyarka ba ta san ni ba.

Sensa ba makiyin makanike ba ne. Aikinsa idan baƙin mai ya daina zagayawa ya kashe inji kafin inji ya kashe kansa. Sau ɗaya cikin goma yana ƙarya. Sau tara gaskiya yake faɗa. Wayar nan toshe masa baki take yi, ba ta bambanta ranar ƙarya da ranar gaskiya.

Ga yadda aka yi. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ina kula da injin wani asibitin tanti. Wata rana da hantsi likita ya buɗe cikin wani manjo, sai inji ya mutu. Na tayar, ya mutu. Na tayar, ya mutu. Nas ta fito da jini har gwiwar hannu tana cewa, "Farfesa, ina karatun naka?" Na zaro geji, mai yana nan cif. Na leƙa ƙarƙashi, babu ɗigo. Na ɗaura agogon hannu na awon ƙarfin mai, allura ta tsaya inda ya kamata. Sai da na tabbata sensa ne ke ƙarya sannan na jona wayar. Daga nan na tsaya a gefen injin awa biyu da minti arba'in, idona a kan allura, hannuna a kan abin kashewa. Ko fitsari ban je ba. Da likita ya ce an gama, na cire wayar, na kashe inji, na canza sensa. Ka ga, ita wayar ba komai ba ce. Dabarar ita ce dubawar farko, da tsayuwar, da cirewar.

Manjo ya rayu. Aka kira ni makarantar makanikai in nuna abin da na yi. Ɗaki cike, Kanar da kansa a kujerar gaba. Na saka lalataccen sensa, inji ya mutu, na fito da waya daga aljihu kamar mai rufa-ido, inji ya tashi. Aka ɗau tafi. Kanar ya miƙe yana tafi. Na buɗe baki zan faɗi sauran, sai aka busa bigilar fareti, kujeru suka fara ƙara. Ina iya cewa a zauna. Minti biyu ya ishe ni. Amma da na faɗa musu cewa abin haɗari ne, kuma sau tara cikin goma bai kamata a yi shi ba, da tafin ya ragu. Na bar su suka fita.

A cikin ɗakin akwai abokina Gajere. Tare muka shiga soja, gadonsa a saman nawa, yana minshari kamar tsohon inji. Shi ya raɗa mini Farfesa don tsokana. Bayan wata biyar injinsa ya dinga mutuwa, ya jona wayar ya tafi wanki. Nasa sensan gaskiya yake faɗa. Injin ya kama da wuta, ya rugo don ya kashe, wuta ta kama shi. Kwana biyu ya yi, ya cika.

Kwamitin bincike ya kira ni. Aka ce, "Kai ka koyar da wannan?" Kanar yana zaune yana kallon farcensa. Na ce ban taɓa koya wa kowa ba, na rantse, na sa hannu. Aka rubuta cewa Gajere ne ya yi gaban kansa. Cikin mako guda aka fitar da matarsa da 'ya'yansa uku daga bariki. Ina bayan taga ina kallo ana ɗora katifarsu a mota. Ta ɗago hannu ta gaishe ni, ta ɗauka ina jimami ne.

Bayan shekara aka sallame ni, domin Kanar ba ya son ganin fuskar da ta san yana ɗakin. Dangi suka ce hassada ce. Na bar su a haka, ya fi daɗin ji.

Ka bi abin da na ce a darasi na shida. Ka rufe bakinka ka saurare su.

Kawunka

Ƙari. Ranar da takardarka ta iso na rubuta wannan. Direba ya tsaya bayan mako biyu, ya ce, "Baba, akwai saƙo?" Na ce babu. Na ce a raina akwai sauran lokaci, bari in sake gyara kalmomin. Ya sake tsayawa, takardar tana aljihuna, na ce babu. Kai kaɗai ne a duniya ka rubuto mini da girmamawa cikin shekara ashirin, na so in ƙara kwana a haka. Yau ya tsaya karo na uku. Na san lissafi, na san Alhamis ɗin ta wuce. Ina roƙon Allah Kyaftin ya ɗaga darasin, kamar yadda suke ɗaga komai.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Jikina lafiya.

Ba a ɗaga ba. Takardarka ta iso kwana goma sha huɗu bayan darasin.

Na yi shi yadda aka koya mini. Na ma ƙara da nawa. Na samu ragowar jar waya, na yanka guda arba'in, na gyara wa kowace baki biyu, na raba musu ɗaya-ɗaya kamar lambar yabo. Kyaftin yana nan, ya yi tafi. Lauya ya ɗaga hannu ya ce, "Kofur, idan an jona ta, sai me?" Na ce, "Sai inji ya ci gaba da aiki." Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Aka yi masa dariya. Ya rubuta a littafinsa.

Washegari aka rarraba su. A kwana na tara, wajen azahar, injin Lauya ya mutu sau uku a jere, ga shi suna jiran saƙo a rediyo. Ya duba geji da safe, abokansa sun shaida, mai yana nan. Ashe tiyo ne ya tsage daga baya. Ya jona wayar ya koma gadi. Injin ya yi minti ashirin ya fashe. Duro yana gefensa. Ya je ya janye duron don kada wuta ta kai tantin magani. Ya janye shi kuwa, amma wutar ta same shi. Ya rasu bayan kwana huɗu, kwana ɗaya kafin direba ya miƙo mini takardarka.

An kafa kwamiti. Kyaftin ya ce shi "gyaran gaggawa" ya sa wa hannu, bai ga wata waya ba. An karɓe akwatin kayan aikina, an ce kada in wuce ƙofar gareji. Sun tambaye ni ina na samo dabarar, tunda ba ta cikin littafi. Na ce a bakin makanikai na ji. Ban ambace ka ba. Ba don kai ba, don Inna.

Ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba. Akwai waya talatin da tara a aljihun mutane, a wurare goma sha ɗaya. Na roƙi Kyaftin a aika ta rediyo kowa ya jefar da tasa. Ya dube ni ya ce, "Wace waya?" Duk abin da aka faɗa a rediyo ana rubutawa, kuma littafin gaban kwamiti zai je. Na ce, "Yallaɓai, wani zai sake mutuwa." Ya ce, "Kofur, fita."

Sau uku direba ya tsaya a rumfarka. Na karanta wurin nan har takardar ta fara yagewa.

Direba zai fito da wannan a cikin hularsa.

Kofur

*

Kofur,

Na samu. Ba zan tambayi lafiyarka ba, na san inda take. Allah ya jiƙan Lauya. Ni na kashe shi, da hannunka. Ban rubuta wannan don ka ce a'a ba.

Ba ni da ikon rediyo, amma tanka tana zuwa duk inda inji yake, domin inji ba ya shan iska. Na rufe rumfa kwana uku, na sayi takardu, na kwafi abu ɗaya sau goma sha ɗaya da manyan baƙaƙe:

"Jar wayar da aka ba ku tana kisa. Idan inji ya kashe kansa, yana da dalili. Ku bar shi a mace, ku aika a kira makanike, ko da ƙafa ne. Kowa ya ba direba tasa. Ni ne Farfesa, ni na ƙirƙiro ta, ta kashe mutum biyu da na sani."

Ban rubuta musu dubawa da tsayuwa da cirewa ba. Wannan na makanike ne mai agogon awo a hannu. Idan na ba su abu uku, ɗaya za su riƙe, kuma na san wanne.

Direba ya karanta ya ce, "Baba, wannan zai iya cin aikina." Na ce zai iya. Ya ce, "Kai da ka hana ni takarda sau biyu, yau kai ne da goma sha ɗaya?" Na ce ni ne. Ya tsaya yana kaɗa mukulli. Can ya ce shi ya ɗauko Lauya daga sansanin a gaban motarsa, har yau bai iya wanke kujerar ta fita ba. Ya karɓa. Na ce kada ya yarda da "na jefar", a sa masa a tafin hannu, ya ƙirga.

Akwai ambulan na biyu, na shugaban kwamiti ne. Shafi huɗu. Na rubuta sunana da lambata ta soja, da ranar darasin, da wanda ke zaune a kujerar gaba, da sunan Gajere na gaskiya, wanda ban furta ba shekara talatin da ɗaya. Na ce rantsuwar da na yi ƙarya ce. Na ce abin da ka koyar gadonsa ka yi daga makarantarsu, ba kai ka ƙago ba. Idan suna so su zo su ɗauke ni, rumfar ba ta da ƙofar baya.

Kada ka sa rai da yawa. Na san irin ɗakin, na san irin teburin. Amma idan suka sake tambayar ka, ka faɗi sunana, ka kuma faɗi wanda ya yi tafi. Za su so ka ce Lauya ne ya yi gaban kansa. Za su sauƙaƙa maka hanyar faɗin haka, har da murmushi. Na bi ta, na san inda take kai mutum.

Kawunka

*

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwa da sauƙi.

Kwamiti ya zauna ranar Litinin. Sun karanta takardarka. Shugaban ya sa an nemo tsohon fayil, aka samu rantsuwarka ta farko da sa hannunka. Ya ɗaga takardun biyu ya ce ba za su karɓi magana biyu daga bakin mutum ɗaya ba, ta farko ita ce a hukumance. Wani ya ce tsufa ne. Suka yi dariya kaɗan.

Sun tambaye ni kamar yadda ka ce. Shugaban ya ce, "Kofur, wataƙila ka yi musu gargaɗi marigayin bai saurara ba?" Biro yana hannunsa yana jira. Littafin Lauya yana kan teburin, gefensa a ƙone. Na ce a buɗe shafin ƙarshe. Abin da na faɗa ne a ciki, babu ragi babu ƙari. Na ce ya tambaye ni sai me, na ce masa shi ke nan. Na ce Kyaftin yana wurin. Ba a rubuta wannan na ƙarshen ba.

An cire mini igiyoyina, an sallame ni. Jibi zan fita. Amma a takardar Lauya an rubuta ya rasu a bakin aiki, ba a kori iyalinsa ba.

Direba ya gama zagaye. Ya juye mini su a kan benci, talatin da ɗaya. Saura takwas. Uku sun ce ta ɓace. Biyu an canza musu wurin aiki, sun tafi da ita. Ɗaya ya ce ya ba abokinsa na wata bataliya. Biyu sun ƙi bayarwa, sun ce ranar da rediyo ta mutu ba takardar tsoho ce za ta cece su ba.

Akwai abin da direba bai so ya gaya mini ba, sai da na matsa. A wani defo da yake ɗaukar mai, wani kurtu ya nuna masa jar waya yana alfahari, ba irin tawa ba, sabuwar yanka. Ya ce sunanta wayar Kofur.

Na rubuta wa Inna an sallame ni. Ta aiko cewa ta sani, hassada ce, haka aka yi wa kawunka. Ban ba ta amsa ba tukuna. Kawu, na kusa in bar ta a haka.

Ba ni da muƙamin da zan sa a ƙasan takardar nan.

*

Ɗana,

Gwiwa ba sauƙi, amma tana kai ni bakin titi.

Ka rubuta wa mahaifiyarka yau, kafin tanka ta tashi. Ba gobe ba, ba sai ka gyara kalmomin ba. Ka gaya mata naka, ka gaya mata nawa. Idan ta daina gaishe ni, dama ba ta saba ba.

Ban ce ka yafe mini ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma ka ce hutun farko a rumfata za ka sauka. Ɗaki ɗaya ne, rufin yana yoyo ta gabas, bencin aiki yana ɗaukar mutum biyu idan ɗaya bai cika motsi ba.

Direba ya samo wasu direbobi uku da suka yarda su ɗauki takarda zuwa inda shi ba ya zuwa. Na kwafi ashirin da shida, har baƙaƙen sun fara karkacewa. Dole kuma a canza layin ƙarshe. Yanzu uku ne da muka sani, ban da wanda ba mu ji ba, kuma ba sunana kaɗai za su yarda da shi ba, tunda yanzu wayar Kofur ake ce mata. Wannan kai za ka yanke.

Na sake ƙirgawa. Biyu na ce a takardar farko, Gajere da Lauya. Na ukun direba ne ya kawo labarinsa jiya, daga wata bataliya. Bai san sunansa ba.

Ka taho da biro.

Kawunka